Ƙasar Gindin Dutse a Adar: Albarkarta da Wahalarta



An ba ni batun ƙasa mai laka-laka da ake samu a gindin duwatsu, a yankunan da ruwan sama bai wadata ba, inda ciyawa ta fi itace yawa. Irin wannan ƙasa tana nan a nahiyoyi da dama, amma zan tsaya a Adar, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wato wajajen Keita, Buza, Madawa da Illela. Can za ku ga tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai wanda marmara ta rufe, sai gangare mai tsakuwa, sai doguwar shimfiɗa a gindinsa da ke sauka sannu a hankali har zuwa fadama. Ƙarƙashin marmarar akwai farar ƙasa da laka, kuma farar ƙasar ce masana'antar siminti ta Malbaza take haƙa. Abin da ruwa ya kankaro daga waɗannan duwatsu tun zamanin da, ya gauraye da yashin da iska ta kawo, shi ya zama ƙasar da muke magana a kai.

A ɗakin gwaji, ana sa ƙasa a wannan aji idan laka ta kai kashi 27 zuwa 40 cikin ɗari, yashi kuma kashi 20 zuwa 45, sauran ya zama turɓaya mai laushi. Ƙwayar laka ba ta kai milimita 0.002 ba. Wanda ba shi da ɗakin gwaji sai ya jiƙa ƙasar, ya murza ta tsakanin babban yatsa da manuniya. Idan ta miƙe ta kai santimita 3 ko 4 kafin ta karye, ita ce. Ta jigawa ko dunƙulewa ba ta yi, yumɓun mai tukwane kuwa sai ya zarce haka.

Saboda ƙanƙantar ƙwayoyinta, laka tana riƙe abincin shuka, ba ta barin ruwa ya wanke shi zuwa ƙasa. Takin da aka zuba mata bana, ana cin moriyarsa har baɗi. Ruwan da take ajiye wa saiwa kuma ya kai ninki biyu na wanda jigawa ke ajiyewa. Shi ya sa a littattafan ɗalibai ake yabon ta. To amma ku tambayi manomin Adar wace gona ce ba ta ba shi kunya a shekarar fari, zai nuna muku jigawarsa ta gero. Me ya sa?

Ruwan wannan yanki bai cika wuce milimita 300 zuwa 500 a shekara ba, kuma yana zuwa da ƙarfi, a ɗan lokaci. Jigawa tana shanye shi nan take, ya nutse can ciki inda rana ba ta kai masa. Ƙasa mai laka kuwa ba ta sha da sauri. Idan aka yi yayyafi, ruwan a saman yake tsayawa, rana ta kwana biyu ta busar da shi. Idan aka yi mamako, ɗigon ruwan yana farfasa ƙananan dunƙulen ƙasa, laka da turɓaya su toshe ƙofofinta, fuskarta ta yi ɓawo kamar ɗaɓen ɗaki, sauran ruwan ya bi gangare ya tafi. Har ɗan abin da ya shiga, lakar tana riƙe wani sashe da ƙarfin da saiwa ba ta iya ƙwacewa. Masanin tsirrai Imanuel Noy-Meir ya bayyana haka a shekarar 1973: inda ruwa ya yi ƙaranci, ƙasa mai yashi takan fi mai laka tsiro, inda ya wadata kuma abin ya juya. Adar tana zaune ne daidai kan wannan iyaka.

A da, ciyawa ce ke tsare wannan ƙasa. Gamba tana da saiwa mai zurfi da ke buɗe wa ruwa hanya, kyasuwa da sauran ciyayin damina suna tare ƙarfin ɗigo, gara kuma, wadda kowa ke zagi, tana huda ƙasa tana bin busasshen kara. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, ga sarar itace, ga kiwo da ya yi yawa, sai shimfiɗar ta tsiraita ta koma fako. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Ku lissafa abin da ke kwarara daga fako a ruwan milimita 30, ko da rabinsa ne ya gudu. Wannan ruwan ne ke yanka kwazazzabai, ya binne gonakin fadama da yashi, ya cike madatsun ruwa da taɓo.

Ra'ayina shi ne, wanda ya fara da buhun takin zamani a irin wannan wuri ya fara daga ƙarshe. Sai an tsai da ruwa tukuna. Aikin Keita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a kan haka ya ginu: jera duwatsu a kan gangare, haƙa ramuka, dasa itatuwa, tare koramu. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka, abin da ba a cika faɗa ba. Amma wanda ya fi burge ni shi ne abin da ya faru a Illela ta Nijar. A 1989 wasu manoma suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako da rani, a zuba taki ɗan tafin hannu ko biyu, a jira ruwa. Suka dawo suka gyara tsohuwar dabararsu ta tassa da abin da suka gani. Ramin yana tara ruwa, takin yana kiran gara, gara ta huda ƙasa, kuma a nan ne lakar ke nuna alherinta, don abin da ya shiga ba ya saurin fita. Ba a daɗe ba fakon da a da ko kyauta ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Aiki ne mai karya baya, kada a yaudari kowa, kuma mai dabbobi ya fi samun takin zubawa.

Ga masu tarakta ina da gargaɗi. Wannan ƙasa tana da ɗan lokacin da take karɓar garma. Idan ta jiƙe sosai aka shiga, sai ta danne ta yi tauri a ƙarƙashi. Idan ta bushe aka shiga, sai ta tashi manyan hoge. Kofaton shanu ma yana danne ta da damina. Dawa ta fi gero dacewa da ita, musamman can ƙasa-ƙasa inda danshi ke daɗewa.

Inda shimfiɗar ta haɗu da fadama ne ake noman rani, kuma daga irin waɗannan kwaruruka albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara. Mai ban ruwa a nan sai ya kula da magudana, domin ƙasa mai laka a wuri mai zafi tana tara gishiri idan ruwa yana kwanciya yana ƙafewa.

Magina ma sun san darajarta. Yashin da ke ciki yana rage tsagewa, lakar tana ɗaurewa, sai a ƙara yankakkiyar ciyawa. Da ita ake gina manyan rumbunan Adar, kuma masallacin Yama na ƙasa, aikin magini Falke Barmu, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Ga 'yan uwanmu na Sakkwato: kwarin Maggiya daga waɗannan duwatsu yake tasowa, ya bi ta wajen Birnin Ƙonni, ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Yawan ruwa da taɓon da ke isowa gare ku ya danganta da halin da gindin duwatsun Adar yake ciki, don haka duk binciken da za a yi a kan tafkin ya kamata a haɗa da abokan aiki na Tawa.