Idan Ciwon Cikin Yaro Ya Lafa Farat Ɗaya

Uwargida, ɗan ajiye muciyar nan ki matso kusa da rediyo. Kwanan nan kiran da ake yi mana iri ɗaya ne: yaro ya kwana yana murƙususun ciwon ciki, gari ya waye ya yi shiru, sai a ce Alhamdulillahi, tsutsa ce ta kwanta. To wannan shirun shi nake tsoro, domin wataƙila afendis ne ya fashe.

Afendis wani ɗan guntun hanji ne kamar ƙaramin yatsa, a mara ta hannun dama. Idan ya toshe ya kumbura, ciwo kan faro daga cibiya ya gangara dama, ga amai, ga ƙin abinci, ga zazzaɓi. Da an wuce awa 36 zuwa 48, haɗarin fashewarsa yana ƙaruwa ƙwarai. In ya fashe, yaro kan ji sauƙi na ɗan lokaci, alhali mugunya ta fara malala a cikinsa. Kun ji ko? Sauƙin nan ba waraka ba ne.

Wata baiwar Allah ta ce mana da ɗanta ya daina kuka sai ta gasa masa cikin da ruwan zafi, ta ba shi maganin wankin ciki. Haba Hajiya! Kashegari ciki ya sandare kamar allo. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ma sun fi ban tausayi, ba sa iya nuna wurin, yawancinsu sai ya fashe ake kai su asibiti. Wani har zawo yake yi, a ce haƙori ne.

Ku lura: yana tafiya a duƙe? Yana ƙin yin tsalle? Yana ƙara in mota ta faɗa rami?

Likita zai danna cikin, ya auna jini ya ga yawan fararen ƙwayoyi, ya ɗauki hoton ciki. Da wannan yake ƙoƙarin gane ko afendis ɗin ya fashe tun kafin tiyata, domin wanda ya fashe yana buƙatar ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta tukuna, wani lokaci ma sai an zuƙe mugunyar. Taifod ma tana huda hanji, likitan ne zai bambance su.

Kada a ba shi abinci, kada a ba shi jiƙo. Ko da ciwon ya lafa, Malam, ɗauki yaron nan ku tafi asibiti yanzu. Layinmu a buɗe yake.