JAWABIN GODIYA GA MASU HIDIMAR TAFIYAR KEKE



An ba mu wannan dama, mu 'yan kwamiti, domin mu ce wani abu game da tafiyar keken da yaranmu suka yi daga nan Sabo zuwa Moniya su dawo, don tara kuɗin da za a saya wa 'yan uwanmu masu shan inna keken hannu. Kamar yadda kuka sani, tun shekarar 2016 rabon da a sami asalin ƙwayar wannan cuta a Nijeriya, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita. To amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, kullum muna wuce su a ƙofar masallaci da bakin kasuwa suna jan jiki a ƙasa.

Kafin komai, akwai laifin da muka yi wanda ya kamata mu faɗa da bakinmu. Ranar da aka dawo, mun jera mahaya, an ɗauki hoto, an raba kyauta, an tafa. A daidai lokacin akwai waɗansu bayin Allah a bayan rumfa suna tsince ledojin ruwa suna loda kekuna a mota, kuma har aka yi addu'a aka watse ba wanda ya ambace su. Mun ji kunya da muka tuna. Shi ya sa muka roƙi a ba mu fili yau.

Mu 'yan kasuwa mun gaji labarin ayari. Kakanninmu da suke zuwa Gwanja sayen goro, sunan madugu ake ji, amma akwai jagaba da yake gaba yana duba hanya da masauki, akwai masu kula da dabbobi da kaya. In babu su, goro ba ya isowa Kano. Haka tafiyarmu ta kasance.

Na farko, 'yan acaɓanmu. Sun ajiye neman kuɗinsu na yini guda, suka yi gaba suna tare mararraba tun daga Mokola, Sango, ƙofar Jami'ar Ibadan, har Ojoo. Duk wanda ya san Ojoo da manyan motocinta ya san ba wurin da za a saki yaro a kan keke ba ne. Tare da su akwai jami'an kiyaye haɗurra da suka tsaya cikin rana har na ƙarshe ya wuce. Muna godiya.

Na biyu, masu gyara. Baba mai faci na kusa da masallaci ya rufe rumfarsa, ya ɗauko fanfo da sholisho da tsofaffin tiyub, ya zauna a bayan a-kori-kura. Taya ta yi faci, sarƙa ta tsinke, burki ya ƙi, duk shi da yaransa biyu ne. Da muka miƙa masa ɗan abin sabulu, sai ya ce a zuba a cikin asusun.

Na uku, 'yan agaji da iyayenmu mata. Garin nan tudu da gangare ne, kuma a hanyar dawowa rana ta take. Wani yaro ya faɗi saboda ƙishirwa. 'Yan agaji suka ja shi inuwa, suka yi masa fifita, da ya dawo hayyacinsa suka riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan. Matan nan tun dare suka haɗa shi, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a kowace lita ta ruwa mai tsafta. Da babu su, Allah kaɗai ya san abin da za mu je mu faɗa wa mahaifiyarsa.

Na huɗu, direban motar ƙarshe. An ce masa kada ya wuce kowa, bai kuwa wuce ba. Wani dattijo ya gaji amma ya ƙi sauka, direban nan ya bi shi a hankali ba ko hon, har suka shigo Sabo bayan la'asar. Man da ya ƙona daga aljihunsa ne.

Sai kuma maƙwabtanmu Yarabawa. Mun bi ta kusa da Sasa, kuma duk mun tuna abin da ya faru a kasuwar nan a watan Fabrairu na 2021. Wallahi wasunmu da fargaba suka fito. Sai ga mata masu shaguna sun fito da buhunan ruwa suna miƙa wa yaranmu, suna yi musu sannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai zama a garin mutane.

Saboda haka muna roƙon abu uku. A rubuta sunayen masu hidima a littafin ƙungiya kamar yadda aka rubuta na mahaya. A mayar wa direba kuɗin mansa daga aljihun 'yan kwamiti, kada a taɓa kuɗin da aka tara. Sannan a naɗa wakilai su je gida gida, har da shagunan matan nan, su yi godiya. Kada mu manta, keken hannun da za a raba zai buƙaci faci da gyara, kuma wurin waɗannan mutane za mu koma.

Yabon gwani ya zama dole. Ku yafe mana jinkirin da muka yi.