Amsar Wasiƙunku: Gurgu Zai Iya Yin Digiri Yana Gida?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Jihar Jigawa. Ya ce ɗansa na fari shan inna ta kama shi tun yana ƙarami, da keken guragu yake yawo. Yaron ya gama sakandare da sakamako mai kyau, amma yau shekara uku ke nan yana zaune a rumfar cajin waya a kasuwar garinsu, domin uban yana tsoron kai shi birni inda ba mai ɗaukarsa hawa bene. Sai ya ji ana zancen karatu daga gida. Yana tambaya: shin digirin gaske ne ko damfara, kuma wane taimako ake yi wa irin ɗansa?

To Malam, mun gode da wasiƙarka, Allah ya raya yaro. Digirin gaske ne, in dai an bi ta ƙofar gaske. Dattawan cikinmu za su tuna masu karatu ta gidan waya, a aiko maka darasi a ambulan ka amsa ka mayar. Shi ne ya girma. A Ingila aka kafa buɗaɗɗiyar jami'a a 1969. A nan Nijeriya, gwamnatin Shehu Shagari ta kafa tamu a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sannan Obasanjo ya farfaɗo da ita, ta kama aiki a 2002. Ita ce ake kira NOUN, mallakar Gwamnatin Tarayya ce, hedkwatarta na Abuja, tana kuma da cibiyoyin karatu sama da 100 a faɗin ƙasa, har da Dutse da Kano da Katsina da Sakkwato. Shi kansa Obasanjo bayan ya sauka daga mulki can ya koma ɗalibi, har ya samu digirin digirgir. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da sashen karatu daga nesa, mai son aikin koyarwa kuma ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna.

Yaya ake shiga? Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, yawanci har da Turanci da Lissafi. Ana cike takardar nema ta intanet. Littattafan darussa suna shafin jami'ar, ana sauke su a waya ko kwamfuta. Kowane zangon karatu ɗalibi zai yi rajistar darussan da zai ɗauka ya biya kuɗinsu, ya yi ayyukan gwaji ta intanet, masu ɗaukar maki 30 cikin 100. Sauran 70 na jarrabawa ne.

A nan ne nake so ka buɗe kunne, Malam. Karatu daga gida ya rage maka tafiya, amma bai ɗauke ta duka ba. Jarrabawa a cibiya ake rubuta ta, dole yaro ya je da kansa. Saboda haka kafin ka sayar da buhun gero ko ɗaya, ku shirya kai da shi ku je cibiyar da ta fi kusa da ku, ku ga wurin da idonku. Keke zai shiga ƙofa? Ɗakin jarrabawa a ƙasa yake ko a bene? Ban-ɗaki fa? Ku nemi ganin shugaban cibiyar ko jami'in ba ɗalibai shawara, ku bayyana lalurar yaron a rubuce, ku riƙe kwafi. Makaho ya faɗi tun da wuri cewa yana buƙatar mai karanta masa tambayoyi ko ƙarin lokaci. Kurma ya nemi a riƙa sanar da shi komai a rubuce. Wanda ya ɓoye ciwonsa sai ranar jarrabawa, ya makara.

Kuma ka sani ba roƙo za ka je yi ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ce suna da haƙƙin ilimi kamar kowa, ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara yadda gurgu zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su, inda ake kai ƙorafi. Gaskiya ce ba ko'ina aka gyara ba tukuna, shi ya sa na ce a je a gani.

Ga 'yan'uwanmu makafi masu saurare: wayar Android tana da TalkBack mai karanta abin da ke fuskar waya da murya, a kwamfuta kuma akwai NVDA, kyauta ake samunta. Mai son jami'a ta zama a aji, tun 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarrabawarsu ta musamman.

Sai gargaɗi biyu. Na farko, kada ka danƙa kuɗi a hannun wani da ya ce zai samo maka gurbi. Ka biya ta hanyar da jami'a ta tsara, ka karɓi rasit. Na biyu, wannan karatu ba malami a kanka, ba ƙararrawa. A ware wa yaro lokacin karatu kullum, a daina aikensa a lokacin, a lissafa kuɗin data da na mota zuwa jarrabawa tun farkon zango. Sa'arsa ɗaya, mai rumfar caji ba ya rasa wuta. Kada ya saki sana'arsa, ita za ta riƙe karatun.

Malam, ƙafa ce ta samu matsala, kai lafiya lau yake. Ku je Dutse ku dawo, sannan ka sake rubuto mana mu ji yadda kuka yi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.