Bayan An Tashi Daga Aiki

Ƴan'uwa ɗaliban yaƙi da jahilci na Cadakori,

Wasunku suna aikin albashi a Maraɗi. To, ku sani dokar ƙwadago ta Nijar, ta 2012, ta hana maigida ya kori ma'aikaci babu ƙwaƙƙwaran dalili. Inda ka je hira bayan aiki, ba ruwansa. In ya kore ka saboda haka, ɗauki takardarka ka je wurin sufeton ƙwadago.

Amma tabar wiwi dabam take. A jihar Niyok ta Amurka, tun 2021, galibi ba a korar mutum don ya sha ta a gida. Nan kuwa dokar 1999 ta haramta ta, ko cikin ɗakinka ne. In zandarma suka kama ka, sufeto ba ya iya fid da kai.