Launin Fata da Zaɓen Abokin Zama: Darasi daga Ƙasar Amurka

GABATARWA



Idan aka tambayi saurayi dalilin da ya sa ya zaɓi wance ya bar wance, amsar da ya fi bayarwa ita ce, haka Allah Ya haɗa jininsu. Wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta ƙare magana ba. Ita zuciya takan zaɓa ne daga cikin abin da ta tarar an baza a faifai, alhali kuwa doka da tarihi da yawan jama'a sun riga ta zuwa kasuwar. Manufar wannan lacca ita ce a duba yadda launin fata, da kuma jinsin wanda mutum yake nema, suke shiga cikin zaɓen abokin zama. An ɗauki ƙasar Amurka don misali saboda dalili biyu: a can an daɗe ana rubuta launin fata cikin dokar aure, sa'an nan a can ne aka fi bin al'amarin da ƙidaya.

ZAMANIN DA DOKA TAKE ZAƁA WA MUTUM

Tun a shekarar 1691 Turawan da suka zauna yankin Birjiniya suka kafa dokar hana aure tsakanin farar fata da baƙar fata. Irin wannan doka ta yi ta yaɗuwa tare da bauta, ta kuma wanzu bayan an hana bautar. A shekarar 1958 wani Bature magini mai suna Richard Loving ya auri Mildred Jeter, wadda ta haɗa jini da baƙar fata da kuma 'yan asalin ƙasar, watau waɗanda Turawa suka tarar. A birnin Washinton aka ɗaura auren, domin can ba a hana ba. Da suka komo gida Birjiniya, sai 'yan sanda suka faɗa musu cikin dare, suka kama su a ɗakin kwanansu. Alƙali ya yanke musu ɗaurin shekara guda, amma ya jingine hukuncin bisa sharaɗin su bar jihar har shekara 25. Sai ranar 12 ga Yuni, 1967, Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wannan doka, alƙalanta tara baki ɗaya. A wannan rana jihohi 16 ne suke da irinta.

Ba Amurka kaɗai aka yi haka ba. Afirka ta Kudu ta kafa tata dokar a 1949, ba a soke ta ba sai 1985. Seretse Khama, magajin sarautar Bamangwato, da ya auri Baturiya Ruth Williams a Landan cikin 1948, sai gwamnatin Ingila ta hana shi zama ƙasarsa na shekaru. Shi ne daga baya ya zama shugaban Botswana na farko a 1966.

BAYAN AN CIRE SHINGE

Ra'ayin jama'a ya sauya ƙwarai. Cibiyar jin ra'ayi ta Gallup ta sami kashi 4 cikin ɗari kacal na Amurkawa da suka yarda da auren fari da baƙi a 1958, amma a 2021 adadin ya kai kashi 94. To, amma yarda da baki daban, aikatawa daban. Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa a 1967 kashi 3 cikin ɗari na sababbin ma'aurata ne suka auri wanda ba launinsu ko asalinsu ɗaya ba, a 2015 kuwa kashi 17. An ci gaba, babu shakka, sai dai mutum biyar cikin shida a gida suka yi aure.

Abin da ya fi jan hankali shi ne bambancin maza da mata. A cikin baƙar fata, kashi 24 na angwaye sun auro daga waje, amma amare kashi 12 ne kawai. A cikin 'yan asalin Asiya kuwa abin ya juya: amare kashi 36, angwaye kashi 21. Kamfanin OkCupid, mai haɗa masu neman juna ta intanet, ya bayyana alƙalumansa a 2009 da 2014, ya kuma tarar da kwatankwacin haka: matan baƙar fata su ne maza suka fi yi wa rowar maki, su kuma mata suka fi yi wa mazan Asiya da mazan baƙar fata.

Da a ce wannan zaɓe daga halitta yake, ai da bai bi sawun tarihi haka daki-daki ba. Dokar 1875 ta kusan toshe shigar matan Sin cikin Amurka, ta 1882 ta hana ma'aikatan Sin shiga, aka bar dubban maza gwauraye suna wanki da guga da dafa abinci, ayyukan da Turawa suke ɗauka na mata ne. Da haka aka ƙulla wa namijin Asiya sunan rashin mazakuta. Macen Asiya kuwa, sojojin Amurka ne suka riƙa auro ta daga Japan da Koriya da Biyetnam, aka yi mata hoton mai ladabi da biyayya. Ita baƙar mace, tun zamanin bauta ake siffanta ta da ƙarfi da aikin wahala, aka keɓe kyau ga farar mace. Littattafai da silima da tallace-tallace suka yi ta maimaita waɗannan siffofi, har yaro ya tashi yana zaton idonsa ne ya gano masa su.

YAWAN JAMA'A DA JINSIN DA AKE NEMA

Akwai wani dalili wanda bai shafi so ko ƙi ba, watau lissafi. Masanin zamantakewa Peter Blau ya bayyana a 1977 cewa gwargwadon ƙanƙantar al'umma, gwargwadon yawan cuɗanyarta da waɗanda ba nata ba. Wanda ya sami kansa a ƙaramar kasuwa, tilas ya rage sharuɗɗa ko ya koma gida hannu rabbana.

Hujja a kan wannan ta fito daga wani rukuni na jama'ar Amurka, watau maza masu neman maza da mata masu neman mata. A Nijeriya dokar 2014 ta haramta auren jinsi ɗaya. A Amurka kuwa Kotun Ƙoli ta halatta shi a 2015, kuma ma'aikatar ƙidaya tana lissafa masu zaman. Da yake su kaɗan ne a kowane gari, sun fi kowa dogara ga intanet. Binciken Michael Rosenfeld na Jami'ar Stanford ya nuna cewa a 2017 wajen kashi 65 cikin ɗari na irin waɗannan masoya ta intanet suka haɗu, alhali tsakanin mace da namiji kashi 39 ne. Ƙidayar 2010 kuma ta nuna cewa wajen gida ɗaya cikin biyar na masu zaman jinsi ɗaya ya haɗa launi ko asali biyu, a auren mace da namiji kuwa wajen ɗaya cikin goma.

Duk da haka, ƙanƙantar kasuwa ba ta goge wariya ba. A manhajar Grindr, wadda mazansu suke amfani da ita, a da akwai hanyar tace mutane bisa launinsu, sai a 2020 kamfanin ya ba da sanarwar cire ta bayan an daɗe ana kuka. Ashe wanda ya ɗanɗani ƙyama ta wata fuska, yana iya ƙyamar wani ta wata fuskar.

ABIN DA YA SHAFI GIDA

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan labarin ƙetare ne kurum. A ƙasar Hausa ba a taɓa rubuta launi cikin dokar aure ba, amma akwai binciken asali, akwai kuma karin maganar nan, ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya bayyana a 1959 yadda sana'ar gado take tsara darajar mutane, mahauta da makaɗa da maroƙa suna ƙasa. Aure nawa ya lalace don an ce kakan yaro bawa ne, ko uban yarinya mahauci ne? Man sauya launin fata da ya cika kasuwanni shi ma shaida ne cewa an koya wa ido fifita fari. Alhali kuwa malaman Malikiyya sun fi ɗora kafa'a, watau dacewar miji da mata, a kan addini da kuɓuta daga aibu, ba a kan nasaba ba.

KAMMALAWA

A taƙaice, abu uku ne suke tsaye a bayan mai zaɓe: dokar da ta ce wa ya halatta, tarihin da ya ce wa ya yi kyau, da lissafin da ya ce wa za a iya samu. Na farko kotu tana iya rushe shi rana ɗaya, kamar yadda aka gani a 1967. Na biyu kuwa a gida da makaranta ake koyonsa, can ne kuma za a gyara shi. Babu mai tilasta wa wani ya so wanda ba ya so. Amma ya kamata mai ilimi, kafin ya rufe ƙofa ga jama'a guda sukutum ya ce ra'ayinsa ne, ya tsaya ya tambayi kansa wanda ya koya masa wannan ra'ayi, domin a bayan kowace ƙofa da aka rufe akwai 'yar wani ko ɗan wani wanda bai zaɓi launinsa ko gidan haihuwarsa ba.