Guzurin Iska Ga Mai Doguwar Tafiya

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostireliya akwai wata irin mota da mutane kan tafi yawon hutu da ita, wadda aka gina mata ɗaki a baya, da gado, da murhu, da tankin ruwa, har da makewayi. Mai ita yakan kwashi iyalinsa ya yi makonni a hanya, ya kwana duk inda dare ya yi masa. To, duk wannan nauyi tayoyi ne ke ɗauke da shi, su kuwa tayoyi iskar da ke cikinsu ita ce ƙarfinsu. Saboda haka matafiyin da ya yi guzurin ruwa da mai, amma bai tanadi abin ba taya iska ba, shirinsa da saura.

Tayar ƙaramar mota takan sha iska lamba 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI, watau awon da gejin masu faci yake nunawa. Ta matsakaiciyar mota mai ɗaki kuwa takan bukaci 55 zuwa 80, manyan na Amurka masu girman bas har sukan zarce 100. Sau da yawa famfon gidan mai ba ya kaiwa nan. In iska ta gaza, gefen taya yakan riƙa lanƙwasa a kowane juyi, ya ɗauki zafi, har roba ta rabu da wayoyin da ke cikinta, taya ta yi bindiga ana tsakiyar gudu. Tun 2007 dokar Amurka ta tilasta sa na'urar gargaɗin ƙarancin iska a sababbin motocin da nauyinsu bai wuce kimanin kilo 4,500 ba. Manyan motoci masu ɗaki ba su shiga wannan doka ba, sai mai su ya kula da kansa.

Ba inda darajar famfo ta fito fili kamar hamadar Sahara. A shekarun 1970 da 1980 Turawa masu yawon buɗe ido sukan ratso ta da Volkswagen da Land Rover da aka gyara don kwana, daga Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, su bi ta Assamaka da Arlit su sauka Agadas. In suka iso rairayi mai taushi sai su rage iska zuwa rabi ko ƙasa da haka, domin taya ta baje kamar tafin raƙumi, kada mota ta kafe. Da an fita kan tsakuwa kuwa tilas a mayar da iskar, in ba haka ba duwatsu su yayyanka tayar.

A wancan zamani akasari famfon hannu ko na ƙafa ake riƙewa. Ba ya bukatar lantarki, ba ya saurin lalacewa, amma taya guda takan ci ɗaruruwan bugu a cikin rana mai ƙuna. Akwai kuma wata na'ura da ake ɗaurawa a gurbin fulogi ɗaya na injin fetur, motsin injin ya riƙa tura iska ta cikin tiyo. Yanzu da wuya a gan ta.

A yau abin da ya fi yawa shi ne ƙaramin kwamfuresa da ake jonawa a ramin kunna sigari. Yana da araha, amma fis ɗin wannan rami wuta kaɗan yake ɗauka. Ko da an rubuta 150 a jikin kwalinsa, wannan iyakar matsin da zai iya kaiwa ke nan. Abin dubawa shi ne lita nawa ta iska yake turawa a minti guda. Yakan yi zafi bayan 'yan mintoci, sai an bar shi ya huce. Mai aiki da batirin caji shi ma haka yake: ya isa a yi ciko da shi, amma batirinsa kan mutu kafin a cika manyan tayoyi huɗu ko shida. Wasu sukan ɗauki tulun gas, wanda ke cika taya nan da nan, sai dai in ya ƙare a daji ya zama kaya. Wanda ya fi dacewa da babbar mota shi ne kwamfuresan da ake maƙala wayoyinsa a kan batirin mota, inji yana aiki, da tiyo mai tsawon da zai kai tayoyin baya.

Kowanne aka zaɓa, a haɗa shi da geji mai kyau. A auna iska da sassafe kafin a tashi, domin zafin tafiya yakan ƙara awon, kuma kada a rage iskar taya mai zafi don an ga ta hau. Awon da ya kamata yana rubuce a kusa da ƙofar direba ko a littafin motar. Sa'an nan a gwada famfon tun a gida: a sace iskar safaya, a cika ta, a ga minti nawa zai ci. Gara a gane gazawarsa a ƙofar gida da a gane ta inda gari mafi kusa yake da nisan kilomita 200.