Daga Zargi Zuwa Hukunci: Abin da Shari'ar Hissène Habré Ta Koya Mana

 

An nemi in yi magana kan zarge-zargen laifukan yaƙi da yadda dokar ƙasa da ƙasa ke kama masu aikata su. Fagen yana da faɗi, shi ya sa na zaɓi shari'a guda da ta shafi maƙwabciyarmu Chadi, wato shari'ar tsohon shugaba Hissène Habré. Tambayar da nake so mu bi diddiginta ita ce: me ke ɗaukar zargi daga bakin mutane ya kai shi gaban alƙali har ya zama hukunci? Kullum muna jin zargi daga Gaza, daga Yukiren, daga Darfur, daga Kwango, amma hukunci kaɗan ne. Shari'ar Habré tana cikin 'yan kaɗan da suka kai ƙarshe, don haka ta cancanci a duba ta da kyau.

Abin da doka ta ce

Cewa yaƙi yana da iyaka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk ɗalibin fiƙihu ya san wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar da ta nufi Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya. Dokar zamani ta tattara irin waɗannan hane-hane a Yarjejeniyoyin Janeba guda huɗu na 1949, waɗanda ke kare wanda ya ji rauni, da fursunan yaƙi, da farar hula. Sashe na 3, wanda yake cikin dukkan huɗun, ya shafi yaƙin cikin gida: wanda ya ajiye makami ko aka kama shi, ba a kashe shi, ba a azabtar da shi, ba a yanke masa hukunci ba tare da kotu ba.

A bambance abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Laifin yaƙi sai an yi shi a cikin yaƙi. Laifin cin zarafin bil'adama shi ne farmaki mai faɗi ko shiryayye a kan farar hula, ko ana yaƙi ko ba a yi. Kisan ƙare dangi kuwa sai an tabbatar da niyyar shafe wata al'umma. Akwai kuma Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa da ta sa hannu nauyi ɗaya: in wanda ake zargi yana ƙasarki, ko ki gurfanar da shi ko ki miƙa shi ga mai son gurfanar da shi. Ku riƙe wannan, don a kansa shari'ar Habré ta rataya.

Shekara takwas na mulki

Habré ya karɓi mulki a Injamena a watan Yuni 1982, ya riƙe shi har 1 ga Disamba 1990, lokacin da tsohon kwamandan sojojinsa Idriss Déby ya kore shi. A tsawon wannan lokaci yana yaƙi da Libiya ta Gaddafi, wadda ta mamaye zirin Awuzu, abin da ya sa Amurka da Faransa suka tsaya masa da kuɗi da makamai. A 1987 Shugaba Reagan ya karɓe shi a Fadar White House.

A cikin gida ya kafa hukumar 'yan sandan ciki da ake kira DDS, wadda ke kai rahoto kai tsaye gare shi. Tana da gidajen tsare mutane a Injamena, mafi muni shi ne wanda ake kira La Piscine, tsohon wurin ninƙaya da aka rufe samansa da kankare aka yanyanka shi ɗakuna. Akwai wani ɗauri da ake kira arbatashar, inda ake haɗa hannaye da ƙafafu ta baya a ɗaure har jini ya daina gudana. Farmakin ya bi ƙabilu ɗaya bayan ɗaya: mutanen kudu a 1984, a lokacin da ake kira Baƙar Satumba, Hajarai a 1987, Zagawa a 1989. Kwamitin binciken da sabuwar gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum 40,000. Habré kuwa ya tsallaka Kamaru, ya zarce Dakar, ya yi zamansa cikin rufin asiri.

Wa ya ɗauki maganar?

Rahoton 1992 ya shiga aljihun tebur. Da yawa daga jami'an DDS sun ci gaba da riƙe muƙamai a sabuwar gwamnati. Waɗanda suka ƙi barin maganar ta mutu su ne mutanen da suka fito daga kurkukun da ransu. Souleymane Guengueng akanta ne a Hukumar Tafkin Chadi, hukumar da Nijeriya da Nijar ke cikinta. Bayan ya fito, ya riƙa bin waɗanda suka tsira da iyalan mamata yana rubuta bayanansu, har ya tara na mutum 792, ya ɓoye takardun shekaru. Clément Abaifouta kuwa, aikin da aka tilasta masa a tsare shi ne binne gawarwakin 'yan uwansa fursunoni. Lauyarsu Jacqueline Moudeina an jefa mata gurneti a Injamena a 2001, ta ji mummunan rauni, ta warke ta koma bakin aiki.

Kama Janar Pinochet na Chile a Landan a 1998 shi ya nuna musu cewa tsohon shugaba ma yana kamuwa a ƙasar waje. A Janairu 2000 suka shigar da ƙara a Dakar, kuma a Fabrairu alƙali Demba Kandji ya tuhumi Habré. Murna ba ta daɗe ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke tuhumar, a 2001 kuma kotun ƙoli ta tabbatar da cewa kotunan Senegal ba su da hurumin sauraren laifin da baƙo ya yi a wata ƙasa, saboda Senegal ta sa hannu a Yarjejeniyar Hana Azabtarwa amma ba ta shigar da ita cikin dokokinta ba. Ɗaliban shari'a, ku lura da wannan: sa hannu a Janeba ko New York ba ya ba alƙalin gida ikon komai sai majalisa ta yi doka.

Sai masu ƙara suka nufi Beljiyam, wadda dokarta a lokacin ta ba da damar sauraren irin waɗannan laifuka ko a ina aka yi su. Alƙali Daniel Fransen ya je Chadi a 2002, ya ga kurkukun da kaburbura, a 2005 ya ba da sammacin kama Habré. Senegal ta ƙi miƙa shi, ta kai maganar gaban Tarayyar Afirka, wadda a 2006 ta ce Senegal ta yi masa shari'a da sunan Afirka. Aka shiga jan ƙafa kan kuɗi. Kotun ECOWAS ta ce a 2010 sai dai a kafa kotu ta musamman. Beljiyam kuwa ta riga ta kai Senegal Kotun Duniya da ke Hague, wadda a ranar 20 ga Yuli 2012 ta yanke cewa Senegal ta saɓa alkawarinta, ko ta gurfanar da shi ba tare da ɓata lokaci ba ko ta miƙa shi.

Wannan hukunci ya zo daidai da sauyin gwamnati. Macky Sall ya kayar da Abdoulaye Wade a zaɓen 2012, kuma abin da ya gagara shekara goma sha biyu ya yiwu cikin watanni. A Fabrairu 2013 aka buɗe kotun musamman ta Afirka a cikin tsarin shari'ar Senegal, a ƙarshen Yuni aka kama Habré.

Hujja

An fara shari'a ranar 20 ga Yuli 2015 a ƙarƙashin alƙali Gberdao Gustave Kam ɗan Burkina Faso. Habré ya ce bai san da kotun ba. Da ƙarfi aka shigo da shi, ya zauna cikin farin rawani da baƙin tabarau, ya ƙi amsa tambayoyin kotu har aka gama. Kotu ta naɗa masa lauyoyi uku ta ba su kwana 45 su shirya, domin hukuncin da ba a ba wanda ake tuhuma kariya ba ramuwar gayya ce kawai.

Shaidu 93 suka yi magana. Amma abin da ya ɗaure Habré tamau shi ne takardun hukumarsa. A 2001 Reed Brody da Olivier Bercault na ƙungiyar Human Rights Watch sun shiga tsohon ofishin DDS, suka tarar da dubban takardu zube a ƙasa cikin ƙura: jerin sunayen fursunoni, takardun shaidar mutuwa, rahotannin tambayoyi. Da aka tantance su, an sami sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da 12,321 da aka ci zarafinsu. Masanin rubutun hannu ya tabbatar wa kotu cewa rubutun da ke gefen wasu takardun na Habré ne, har da inda ya hana a fitar da fursunonin yaƙi zuwa asibiti. Masanin ƙididdiga Patrick Ball ya nuna yawan mace-mace a kurkukun, masana tono kaburbura daga Ajantina kuma suka bincika ƙasusuwa.

Muhimmancin takardun shi ne sun toshe kafar da kowane shugaba ke bi ya tsere, wato cewa bai sani ba, yaransa ne suka wuce gona da iri. Doka ta ce shugaban da ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba kuma bai hukunta ba, laifin ya hau kansa. Da wannan ƙa'ida aka kama Habré kan laifukan yaƙi.

Mata ma sun karya shirun shekara talatin. Sun ba da labarin yadda aka kai su sansanin soja na Wadi Dum a cikin hamada aka mai da su bayin biyan buƙata, abin da takardar tuhuma ta farko ba ta ba shi muhimmanci ba. Ranar 30 ga Mayu 2016 kotu ta same shi da laifukan yaƙi, da cin zarafin bil'adama, da azabtarwa, ta yanke masa ɗaurin rai da rai. A Afrilu 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin. Shi ne karo na farko da kotun wata ƙasa ta hukunta tsohon shugaban wata ƙasar kan take haƙƙin ɗan Adam.

Inda shari'ar ta gaza

Kada mu yi saurin tafi. Habré shi kaɗai ya tsaya a Dakar. Gwamnatin Déby, wadda ta ba da kaso mai tsoka na kuɗin kotun, ta ƙi miƙa sauran waɗanda ake nema, ta yi musu tata shari'ar a Injamena a 2015, inda aka ɗaure jami'ai 20. Shi kansa Déby shi ne kwamandan sojoji a lokacin Baƙar Satumba, kuma babu alƙalin da ya tambaye shi komai har ya rasu a 2021. Ƙasashen da suka ba Habré makamai da horo babu wanda ya kira su. Kotu ta yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, amma Habré ya mutu a Dakar a watan Agusta 2021 ba a biya kowa ko sisi daga wannan kuɗi ba, kuma da yawa daga masu ƙara sun riga shi tafiya.

Masu cewa dokar ƙasa da ƙasa tana cin wanda ya faɗi ne kawai suna da hujja. Charles Taylor na Laberiya bai shiga hannu ba sai bayan ya bar mulki ya zauna a Kalaba, aka kama shi a Gamborun Ngala a 2006. Omar al-Bashir na Sudan, da sammacin Kotun Hukunta Manyan Laifuka a kansa tun 2009, ya zo Abuja a 2013 ya koma gida lafiya. Yarjejeniyar Malabo ta 2014 ma ta tsame shugabanni masu ci daga hurumin kotun Afirka da ake shirin kafawa. Amurka da Rasha da Sin ba sa cikin Kotun Hukunta Manyan Laifuka, alhali suna da ikon tura wasu can ta Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai dai rashin adalcin da ke cikin zaɓen wanda za a kama bai wanke wanda aka kama ba. Matar da aka kashe mijinta a La Piscine ba za ta yafe haƙƙinta don ba a gurfanar da manyan ƙasashe ba. Maganin son kai a shari'a shi ne a faɗaɗa ta ta kai ga kowa.

Abin da ya rage namu

Wannan magana ta iso ƙofarmu. A Disamba 2020 mai gabatar da ƙara ta Kotun Hukunta Manyan Laifuka a lokacin, Fatou Bensouda, ta bayyana cewa akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da kuma wasu jami'an tsaron Nijeriya sun aikata laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama. Wannan zargi ne, ba hukunci ba, kuma hanyar girmama wanda aka zalunta da wanda ake zargi duka ita ce bincike na gaskiya. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ba ta shiga sai inda kotun gida ta kasa ko ta ƙi, don haka aikin namu ne tun farko.

Ina da roƙo uku. Ga 'yan majalisa: Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Rum, wadda ta kafa wannan kotu, tun 2001, ya kamata laifukan da ke cikinta su shiga dokokinmu sosai, kada alƙalinmu ya wayi gari da ɗaurarrun hannaye kamar na Dakar a 2001. Ga jami'o'i da ƙungiyoyin lauyoyi: a koya wa matasa yadda ake ɗaukar bayanin shaida, da suna da rana da wuri, da yadda ake adana hoton waya har kotu ta yarda da shi, da yadda ake kare mai ba da shaida. Ga hafsoshin tsaro: rajistar waɗanda ke tsare da binciken cikin gida kariya ce ga jami'in da ya yi aikinsa bisa doka.

Shaidu suna tsufa, takardu suna lalacewa, kuma babu wanda ya san ranar da siyasa za ta buɗe ƙofar kotu. Abin da ke hannunmu shi ne ranar ta same mu da hujja a shirye.